Ranar da Aka Ɗaura wa Randata Zane

Na tsufa yanzu. Idan zan kira jikata sai na bi ta kan sunayen mutum uku kafin in faɗa kan nata. Abin da na ci jiya ma sai an tuna mini. Amma akwai abu guda da tsufa ya yi ta kokawa da shi ya kasa ƙwace mini, na kuma san da shi za a kai ni makwancina: lokacin da dattawan garinmu, masu gemu da furfura, suka taru a ƙofar masallaci suka ɗaura wa randa zane.

Ni maginiyar tukwane ce. Ƙauyenmu yana tsakanin Dayi da Gozaki, cikin 'yar ganuwar da iyayenmu suka yi saboda mahara. Garin dawa ne da auduga, kowa da gonarsa, kowa ya san abin da aka dafa a gidan kowa. Lokacin da abin ya faru mijina ya shekara shida da rasuwa. Ya bar ni da 'ya mace guda da 'yar gonar da ba ta kai mu bazara. Yumɓu ne ya rufa mana asiri. In ɗebo shi a bakin rafi, in jiƙa, in kwaɓa, in gina, in toya, ranar kasuwa in ɗauka a ka zuwa Dayi.

Wurin kakata, wadda ta haifi uwata, na koyi ginin. Ita kuwa randarta ba ta ɓacewa a cikin randuna ɗari. Takan yi mata ciki mai faɗi, ta matse wuya, ta zagaya tsakiyarta da ɗige-ɗige kamar jigida. In ta zo kafaɗa sai ta gutsuri yumɓu biyu ta mulmula, ta manna su gefe da gefe, ta shafa su da ɗan yatsa mai ruwa har su zauna daram, sannan ta ɗan tsikare kan kowanne. Haka na gani, haka na koya, haka na yi ta yi shekara da shekaru. Ba gidan da ba a shan ruwa a irin wannan randa a garinmu. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaye ni mene ne wannan. In za a saya, ƙwanƙwasawa ake yi a ji ƙararta, a leƙa ciki a duba tsaga, shi ke nan.

Da mijina ya rasu ba ni da abin da zan yi masa sadaka. Sai na zauna na gina randar da ban taɓa gina irinta ba, tsawonta ya kusa kai mini ƙirji. Kwana tara na yi a kanta. Da ta fito daga wuta lafiya, ja wur, ba tabo ko ɗaya, na sa aka kai ta ƙofar masallaci aka kafa ta gindin wata bishiyar durumi, aka ajiye moɗa a kai. Matan unguwa suka riƙa cika ta kowace safiya. Shekara shida mazan garin nan suna ɗiban ruwanta suna alwala, suna sha in sun dawo daga gona, suna cewa Allah Ya jiƙan mai ita. Liman da kansa ya taɓa aiko mini da godiya, ya ce ko tsakiyar bazara ruwanta kamar daga ƙasan rijiya.

Ana nan sai wani ɗan garinmu ya dawo daga fatauci. Tun yana saurayi ya bi ayari, ya shekara goma sha wani abu ba a gan shi ba. Ya dawo da goro, da tufafi, da rawanin da ya fi na liman girma sau biyu, da 'yan kalmomin Larabci da yake yaryaɗawa a magana kamar man shanu a miya. Ba zan ci amanarsa ba, mutum ne mai kyauta, ba gidan da goronsa bai shiga ba, har nawa. Ciwonsa ɗaya ne: ya ga duniya, yana kuma so a san ya gani. Kome ya tarar a garin sai ya ce ba haka ake yi a manyan birane ba. Kafin a yi kwana bakwai mun daina kiransa da sunan da uwarsa ta raɗa masa, mun koma ce masa Malam, don mun lura in ba haka ba ba ya waiwayowa.

Ban ga farkon abin da idona ba. Ƙanin mijina ne ya zo ya ba ni labari, yana magana yana share gumi. Ya ce da la'asar mutane na ɗiban ruwa, falken nan ya zo ya ɗauki moɗa, ya sunkuya zai ɗiba, sai ya tsaya cik. Ya ja da baya. Ya saki moɗar ta faɗi.

"A'uzu billahi! Wane ne ya tsayar da mace tsirara a ƙofar ɗakin Allah?"

Ƙanin mijina ya ce nan take kowa ya shiga waige-waige yana neman matar. Ya ce wasu har da ɗaga ƙafa don su hango da kyau. Da ba a ga kowa ba sai falke ya miƙa hannu, ya kau da fuskarsa gefe, ya nuna randata.

"Ga ta nan. Ba ku da idanu ne? Ga ƙirji, ga ƙugu, har jigida an ɗaura mata. A nan kuke alwala?"

Sai wani ya ce, "Kai! Wallahi kuwa." Wani ya ce shi dama ya daɗe yana jin wani abu game da randar nan. Wannan mutumin kuwa na san shi, shi ne yake jingina da ita yana gyangyaɗi kullum bayan azahar.

Na yi dariya da na ji. Na ce wa ƙanin mijina, "To sai me? Gobe ma sun manta."

Ya ce, "Yaya, ba abin dariya ba ne. Ki dai je gobe ki gani."

Washegari da hantsi na ɗauki tulu kamar zan je rafi, na bi ta wajen masallaci. Ban taɓa ganin ƙofar masallacinmu da mutane haka ba sai ranar idi. Lokacin kuwa ciyawa ta ci gonaki, kowa ya kamata a ce yana bakin noma. Mazan da ba a ganinsu a sahu sai an yi mutuwa duk sun hallara, wai sun zo su ga ɓarna da idonsu don su yi tir da ita. Su kalla, su ce subhanallahi, su kau da kai, su sake kalla don su tabbatar. Akwai wanda aka ce mini sau uku ya zo yin tir a rana ɗaya.

Ina tsaye daga nesa sai ga falke ya taho da zane a hannu, saƙi ne mai kyau, baƙi da ratsin fari, irin wanda ni ko a aurena ban samu ba. Ya ce kafin manya su yanke hukunci dole a suturta ta. Dattawa biyu suka kama, aka zagaya da shi, aka yi mata ɗaurin ƙirji, aka soke bakin zanen a gefe yadda mata ke yi.

To, ni na gina randar nan, na san ta ciki da bai, kuma wallahi ban taɓa ganinta ta yi kama da mace ba sai ranar. Da, randa ce mai 'yan tudu biyu. Da aka ɗaura mata zane sai ga mace sak, mai tsohon ciki, ta fito daga wanka tana jiran a miƙo mata man shafawa. Abin da aka rufe ɗin ma ya ƙara turo zanen gaba. Wata tsohuwa da ke wucewa da itace a ka ta tsaya ta dube ta, ta ce, "Sannu amarya. Allah Ya sauke ki lafiya." Matan da ke wurin muka tuntsire da dariya har tulun wata ya zame.

Wannan ce dariyata ta ƙarshe a kan maganar. Kafin kasuwa ta zagayo zancen ya canza kama. Aka tuna cewa an haifi kakata tun kafin gidansu su kama salla, abin da ba wanda bai sani ba, kuma rabin garin haka kakanninsu suke. Aka ce ashe gunki ne na kafa wa mutane a ƙofar masallaci. Aka fara tambaya ko alwalar shekara shida ta yi. Wanda ya fi yi mini zafi shi ne da aka ce ai bazawara ce, nata ta duba ta gina, ta kai inda maza ke taruwa don ta yi talla. Daga ranar in na bi ta layi sai in ga idanun mutanen da suka girme ni, waɗanda suka yi wa mijina wanka, suna sauka inda bai kamata ba, wai suna gwadawa su ga ko an yi kama. Na koma yafa mayafi biyu a cikin zafin nan.

Na kai tukwane Dayi, labari ya riga ni zuwa. Har la'asar ba wadda ta ƙwanƙwasa mini ko kasko. Mata su zo su tsaya, su nuna wa juna da baki, su wuce. Na kwaso kayana na dawo da su yadda na kai su.

Sannan ga 'yata. Akwai wani saurayi manomi da suke son juna, an riga an yi gaisuwa, an ce sai bayan kaka. Uwarsa takan leƙo mu kusan kullum, ta zauna muna kaɗi muna hira. Tun ranar da aka ɗaura zanen nan ƙafarta ta ɗauke. 'Yata kuwa sai dai in ga tana daka tana share ido da gefen hannu, in na tambaya ta ce ƙaiƙayi ne.

Da mai gari ya aiko cewa in zo ƙofarsa gobe da hantsi, ƙanin mijina ya sake zuwa. Ya zauna bakin ƙofar ɗakina ya ce, "Yaya, abin mai sauƙi ne in kin bi a hankali. In an tambaye ki, ki ce mariƙi ne. Wurin kamawa in za a ɗaga randa. Wa zai ce ƙarya kike? Ke kika gina."

Na ce, "Wa ya taɓa ɗaga randa ta nan?"

Ya ce, "Ba ruwanki. Ki dai ce mariƙi. Ki dubi yarinyar nan."

Na dubi yarinyar, na ce to. Na yi ta maimaita kalmar a raina kamar mai haddar karatu, mariƙi, mariƙi.

Ƙofar mai gari ta cika. Maza suna zaune a gaba kan buzaye da tabarmi, mu mata muna can baya gindin wata tsamiya. Har matan Fulani masu tallan nono sun sauke ƙorensu sun tsaya kallo. Abin da na lura da shi, kuma har yau yake ba ni mamaki, a cikin matan da ke gindin tsamiyar nan aƙalla biyar suna shayar da jarirai, kowacce ta sassauta zane ta fito da abinta a fili, yadda ake yi tun da aka kafa garin. Ba namijin da ya ko waiwaya. Duk idanu suna kan hanya, ana jiran a kawo ta yumɓu.

Ƙarti biyu suka ɗauko ta, da zanenta. Kowannensu yana ta kaffa-kaffa kada hannunsa ya kai wurin, har ta kusa suɓuce musu sau biyu. Aka dire ta a tsakiyar fili.

Mai gari mutum ne da ba ya son rigima, ga alama da za a bar shi da ya tafi gona. Kusa da shi liman ne, tsoho tukuf, idanunsa sun yi yana, ba ya ganin kome sai haske da inuwa. Shi ya raɗa wa yawancin mutanen da ke wurin suna.

Aka ba falke magana. Ya miƙe ya gyara rawani. Ya fara da cewa shi ba ya son ya ɓata bakinsa da siffanta abin, amma tunda amana ce zai daure. Ya kuwa daure ƙwarai. Ya siffanta yadda wuyan ya sauko sumul, da yadda ƙirjin ya tsaya bai ranƙwafa ba, da yadda na dama ya ɗan fi na hagu cika, da yadda ƙugun ya buɗe, da yadda jigidar ta kwanta a kansa. Ni da na gina ta ban san na dama ya fi na hagu ba. Yana magana kowa ya baza kunne. Wani dattijo na ga ya haɗiye yawu.

Da ya gama, liman ya ɗago kai ya ce a hankali, "Malam, ka dai dube ta da kyau."

Falke ya ce, "Allah gafarta Malam, dole ce ta sa."

"Haka ne. Dole ba ta da daɗi."

Mai gari ya yi tari don ya danne abin da ya taso masa. Ya ce to a kwance zanen a gani, ba a shari'a a kan abin da ke rufe. Nan kuma aka tsaya. Wa zai kwance? Waɗanda suka ɗaura suka ce su ɗaurawa suka yi, kwancewa kuwa wani abu ne daban. Falke ya ce shi Allah Ya kiyashe shi. Aka yi ta kallon-kallo. Daga ƙarshe mai gari ya ce mai ita ta zo ta kwance kayarta.

Na taso daga gindin tsamiya. Na durƙusa na yi gaisuwa, na je na zare bakin zanen, ya sulale ƙasa. Wallahi sai na ji ana salati, maza suka sunkuyar da kai, wasu suka rufe fuska da hannun riga suna leƙe ta tsakanin yatsu. Randar da suka shekara shida suna tsoma hannu a cikinta.

Mai gari ya ce, "Baiwar Allah, waɗannan abubuwa biyu da kika manna a nan, mene ne su?"

Na buɗe baki in ce mariƙi. Kalmar tana kan harshena. Sai idona ya sauka a kansu, na ga sawun ɗan yatsana a gefen ɗaya, inda na shafa tun yumɓun yana ɗanye, ina gini ina kukan mijina. Na ji in na ce mariƙi, na yarda ke nan cewa abin da kakata ta koya mini abin ɓoyewa ne, na kuma yi wa mamaci sadaka da abin kunya. Ban yi shawara da kaina ba, bakina ne kawai ya ƙi.

Na ce, "Nono ne, ranka ya daɗe."

Fili ya ɗauki hayaniya. Na hango ƙanin mijina ya dafe kai. Falke ya ce, "Kun ji ko! Da bakinta!"

Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "'Yata, ci gaba. Me ya sa?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, haka na tarar. Ina ƙarama na tambayi kakata, ta ce duk abin da yake shayar da mutum bai ce ya gaji ba, uwa ne, sai a yi masa alamar uwa don mai sha ya tuna ya gode. Iyakar abin da na sani ke nan." Da na ga ba a katse ni ba sai tsoron ya ɗan sake ni, na ƙara da cewa, "Kuma ba ni na fara ba ta jiki ba. Kowa a nan yana cewa bakin randa, wuyan randa, cikin randa. Har gindi gare ta, a kansa take zaune. Ban ji an taɓa kawo ƙarar gindin ba."

Dariya ta ɓarke daga gindin tsamiya, ta ratso har cikin maza. Mai gari ya kai hannun riga baki. Liman bai yi dariya ba, amma gemunsa ya motsa.

Ya ce, "Tana da kai?"

Na ce, "Babu."

"Ido fa? Hannu? Ƙafa?"

"Babu ko ɗaya."

"Kin taɓa yanka mata kaza, ko ki roƙe ta wani abu?"

Na ce, "Allah Ya tsare ni. Abin da nake roƙo a kanta ɗaya ne, kada ta tsage a wuta, shi ma Allah nake roƙo."

Ya gyaɗa kai. Ya ce shi dai ɗan abin da ya karanta, siffar da aka hana ita ce cikakkiya, wadda in da rai za a busa mata sai ta tashi ta tafi. Abin da ba shi da kai ba shi da ƙafa, ba inda za shi. Ya ce wannan randa ce, alwalar kowa ta yi, matar nan ba ta da laifi, wanda kuma ya ƙara jifanta da wata magana ya san da wanda zai haɗu ranar gobe. Na ji kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka.

Sai ya ce, "Amma."

Ya ce shekara shida yana shan ruwan randar nan, ruwa kaɗai ya ji. Yanzu kuwa an riga an nuna wa mutane, ba kuma yadda za a yi a mai da abin da ido ya gani. Duk wanda ya zo alwala zai shiga sahu da randa a ransa. Don haka a ɗauke ta daga ƙofar masallaci, ni kuma in gina wata sumul a maye gurbinta. Ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Mu ne ba mu da lafiya."

Saura inda za a kai ta. Liman ya ce sadaka ba ta komawa hannun mai ita, fasa ta kuwa ɓarna ce. Ba wanda yake so a ji ya ce a ba shi. Sai falke ya yi ajiyar zuciya, ya ce tunda shi ya tono maganar, shi zai ɗauki nauyin. Zai kai ta gidansa ya ajiye ta inda idon kowa ba zai ƙara faɗa mata ba. Dattawa suka yi ta sa masa albarka saboda wannan sadaukarwa. Ya naɗe zanensa ya saɓa a kafaɗa, ƙartin nan suka bi shi da randa. Daga baya matarsa, wadda muke shiri da ita, ta gaya mini a turakarsa ya kafa ta, dab da shimfiɗarsa, kuma har ya bar duniya bai yarda ya sha ruwan wata randa ba. Wai ta fi sanyi. Ta fi ɗin kuwa, wannan gaskiya ya faɗa.

Bayan kwana biyu uwar saurayin nan ta shigo da sallama, da abin kaɗinta a hannu, ta zauna kamar jiya ta tashi. Ta ce ciwon ƙafa ne ya hana ta zuwa. Na ce Allah Ya sawwaƙe. Da aka yi girbi aka ɗaura auren. Na gina wa masallaci randa sumul kamar ƙwai, aka kafa ta, ba wanda ya ƙara zuwa yin tir, sahu ya koma yadda yake da.

Kasuwa kuwa ta buɗe mini yadda ban taɓa gani ba. Har daga Musawa aka riƙa yo mini saƙo. Mace za ta zo ta ja ni gefe ta rage murya ta ce, "Maigidan ne ya ce a yi mana randa. Irin mai... kin dai gane." Ba wadda take iya faɗin sunan. Abin da a da ake saye a tsakiyar kasuwa da rana tsaka, ana ƙwanƙwasawa ana ciniki, ya koma abin raɗa.

Na karɓi aikin farko da murna. Na kwaɓa yumɓu, na ɗaga ciki, na matse wuya, na zo kafaɗa. Na gutsuri yumɓu biyu na mulmula, na manna na farko. Ina kai ɗan yatsa zan shafa, sai na ji muryar falken nan a kunnena, yana cewa ya tsaya bai ranƙwafa ba, na dama ya fi na hagu. Na tsinci kaina ina waiwayawa in ga ko wani na kallona. Ba kowa a gidan sai kaji. Na sake kai hannu, na ji kunya ta rufe ni tun daga ka har ƙafa, ni kaɗai a tsakar gidana, da yumɓun da na ɗebo da hannuna. Na yi ƙoƙari na ƙarasa, suka fito a karkace kamar na ɗan koyo. Na ɓamɓare su na shafe wurin.

Na gwada washegari, na gwada bayan wata guda. Abin da hannuna yake yi da ina hira ina waƙa, ba tare da na san ma ya yi ba, ya gagare ni. Na mai da wa mata saƙonsu, na ce na daina irin wannan. Aka ce tuba na yi, har aka yaba mini. Shekara talatin na ƙara ina gini bayan nan, duk sumul. 'Yata sumul ta koya, 'ya'yanta ma haka. In na ba su labari sai su rufe baki suna dariya, su ce, "Kai, Iya, a jikin randa?"

Mutane sukan ce na yi nasara a ƙofar mai gari, ni ma na daɗe ina ganin haka. Yanzu da na zauna ba abin da nake yi sai tunani, na gane abin da ranar ta koya mini. Bakin mutum ba shi ne abin tsoro ba, don in ya yi maka ƙazafi akwai mai wanke ka, ni an wanke ni a gaban gari guda. Idonsa ne abin gudu. In ka yi sake ka ari idon wani ka dubi abinka da shi ko sau ɗaya ne, to ka yi sallama da naka, ba kuma alƙalin da zai iya karɓo maka shi.